Yadda ake kiwon kaji masu ƙwai shuɗi, da yadda zaka riƙe irin kada ya lalace a hannunka

Duk wanda ya fara ganin ƙwan nan a kwano tambaya ɗaya yake min, wai fenti na shafa ko bula na jiƙa shi a ciki. Ni kuma bana dogon bayani, fasa ɗaya nake na ɗaye fatar nan ta ciki na nuna masa ɓawon, shuɗi ne ciki da waje. Ka riƙe wannan gwajin ɗan'uwa don zai maka amfani a kasuwa: ƙwan leyas mai ruwan ƙasa in ka fasa cikin ɓawonsa fari ne tas, launin a waje kawai aka shafa shi kafin ya fito, amma na shuɗi launin yana shiga ne tun lokacin da ake ginin ɓawon a cikin kaza, wani sinadari ne da ake kira biliverdin, dangin abin da ke sa ruwan matsarmama ya yi kore. A 2013 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila da wasu a ƙasar Sin suka gano cewa wata ƙwayar bairos ce ta shiga cikin ƙwayoyin gadon kajin tun zamanin da can, ta zauna daram, shine ake ta gadon abin har yau. Ba ciwo bane, baya cutar da kaza balle mai cin ƙwan.

Mataki na farko, ka san wace kaza kake nema

Nan ne mutane ke fara asarar kuɗi, saboda sunaye uku ne ke yawo kuma kowanne da halinsa.

Uwar gidan dai itace Araucana, daga ƙasar Chile a Kudancin Amurka, wajen ƙabilar Mapuche. Su can iri biyu suke da shi, collonca wadda bata da wutsiya sam kuma tana ƙwai shuɗi, da quetro mai wasu gashi da suka tsiro ta gefen kunne kamar 'yan kunne. Wani Basifaniye mai suna Salvador Castelló ne ya kai labarinta babban taron masu kaji na duniya a birnin Hague na ƙasar Holland a 1921, daga nan Turawa suka ruɗe da ita. Ƙungiyar masu kaji ta Amurka ta amince da ita a 1976, marar wutsiya mai gashin kunne. Ta Ingila kuma daban take, yawanci da wutsiyarta da tukku.

Ta biyu Ameraucana, Amurkawa ne suka fitar da ita daga waccan don su guje wa matsalar da zan faɗa a ƙasa, tana da wutsiya da gemu da saje, aka amince da ita a 1984.

Ta uku Cream Legbar, aikin masana kimiyyar gado Reginald Punnett ne da Michael Pease a Cambridge ta Ingila, sun haɗa jinin Leghorn da Plymouth Rock mai zane da wasu kaji da aka kawo daga Chile, aka yi mata rajista a 1958. Tana da ɗan tukku a bayan zanko.

Ni in ka tambaye ni, mai farawa ya ɗauki Cream Legbar kawai ya huta. Dalilina uku ne. Jikinta mara nauyi ne kuma zankonta babba, kaza kuwa ta zanko da leɓatu da haki take fitar da zafi tunda bata gumi, to a gari mai zafin bazara tafi masu ɗan guntun zanko da gemu jurewa. Sannan tana ƙwai sosai, zata iya baka kusan 180 zuwa 200 a shekara in ta samu kula. Na ukun shine wanda yafi burge ni, ranar da aka ƙyanƙyashe zaka gane mace da namiji: macen tana da zane mai duhu ƙarara a gadon baya da layi ta gefen ido kamar ta sa kwalli, namijin kuma launinsa ya koɗe, zanen ya dushe, ga ɗigon fari a tsakar ka. Wanda ya taɓa ciyar da 'yan tsaki wata uku kafin ya gano rabinsu zakaru ne yasan darajar wannan.

Akwai kuma waɗanda Turawa ke cewa Easter Egger, su ba iri bane, gauraye ne kawai masu ɗauke da jinin shuɗi, wata tayi shuɗi wata kore wata ruwan ƙasa. In ƙwai kala-kala kake so don sha'awa ba laifi, amma kada a sayar maka da su a kuɗin tsantsar iri.

Mataki na biyu, sayen iri

Gani ya kori ji. In zaka iya zuwa wajen mai kajin kaje da ƙafarka, ka ga iyayen, ka ga akurkin zakaran, ka ga ƙwan a cikin gurbi ba a hoton waya ba, don hoto ana ƙara masa launi. Ka sayi ƙwai ɗaya ka fasa a gabansa. Ka tambaye shi ko zakaransa da kajin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, ka tambaya ko akwai wani zakara na daban da ke yawo a gidan. In yana kame-kame ka bar masa kayansa.

In kuma daga ƙasar waje kake tunanin kawowa, kada ka bi ta bayan fage, shigo da tsuntsu ko ƙwan ƙyanƙyasa sai da takardar izini da binciken hukumar killace dabbobi da tsirrai, a Najeriya NAQS kenan, kuma gaskiyarsu ce don ta irin wannan hanyar murar tsuntsaye ke ratsa ƙasashe. Ƙwan da ya sha doguwar tafiya a mota ko jirgi ka sa a ranka rabi ma in ya ƙyanƙyashe ka gode Allah, in ya iso ka ajiye shi tsinin a ƙasa awa 12 zuwa 24 ya natsu kafin ka saka a inji ko ƙarƙashin kaza.

Duk kazar da ka sayo, ko daga hannun yayanka ne, ka ware ta nesa da sauran sati uku zuwa huɗu kana kallon kashinta da numfashinta, takalmi daban, mazubin ruwa daban.

Mataki na uku, akurki

Wannan ba wani dogon abu bane. Kaji uku a kowace murabba'in mita ɗaya ya isa, bango gajere sauran waya don iska ta ratsa, tsawon ɗakin ya kalli gabas da yamma saboda rana kada ta riƙa shiga ta gefe, in rufin kwano ne ka ɗora zana ko ciyawa a kai. Ƙasa a zuba buntun shinkafa ko dusar katako, busasshe. Gurbin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a lungu mai ɗan duhu. Sanda ta kwana.

Abin da zan jaddada shine rufin filin da suke shan iska, ka rufe shi da raga ruf. Legbar tana tashi sama sosai, katangar gida ba komai bace a wajenta, ga shirwa ga muzuru, amma babban abokin gabarka a wannan sana'ar zakaran maƙwabta ne. Ni abin ya taɓa faruwa dani, wani jan zakara ya riƙa dirowa ta kan katanga da sassafe ban sani ba, na tara ƙwai na ƙyanƙyashe na yi wata shida ina ciyarwa, da 'yan matan suka fara ƙwai sai ga kore-kore kamar ganyen da ya fara bushewa. Wallahi abin ya min ciwo, ba don kuɗin abinci ba, don wata shidan da ba zai dawo ba.

Mataki na huɗu, ka fahimci yadda launin yake bin jini

Dan Allah a nan ka natsu, don duk sauran aikin a kansa yake.

Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwayar gado biyu ta wannan launin, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ta shuɗi mai rinjaye ce, Punnett ne ya tabbatar da haka tun 1933, ma'ana ko guda ɗaya kaza ta samu zata yi ƙwai shuɗi. Kaga kenan samun ƙwai shuɗi ba wuya, wuyar itace samun kajin da suke da guda biyun, waɗanda duk 'ya'yansu zasu yi shuɗi ba fashi. Kaza mai ɗaya da kaza mai biyu ƙwansu kusan iri ɗaya ne a ido, sai a 'ya'ya ko jikoki asiri ke tonuwa, in ka haɗa mai ɗaya da mai ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zasu fito babu shuɗin kwata-kwata.

Koren fa daga ina? Ɓawo shuɗi ne aka shafa masa ruwan ƙasa a waje. Duk inda jinin kaza mai ƙwai ruwan ƙasa ya shiga, 'ya'ya mata zasu yi kore, in ruwan ƙasan mai duhu ne sosai ya koma kalar zaitun. Shi kuma ruwan ƙasan ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba, da yawa ne, shi yasa in ya shiga garke fitar da shi sai an yi shekaru ana tacewa. In da kaza mai farin ƙwai aka haɗa, shuɗin yana nan sai dai ya ɗan yi haske.

Wani kuskure da nake ji kullum a bakin mutane, wai in ka sa zakaran Legbar cikin kajin Hausa gobe zasu fara ƙwai shuɗi. A'a. Kaza launin da aka haife ta da shi zata yi har ta mutu, zakara baya canza mata shi, 'ya'yanta mata ne zasu nuna abin da uban ya ɗauko.

To ita mace ƙwanta yana faɗa maka wani abu, shi zakara fa da baya ƙwai? Shine rabin garkenka kuma shine baka iya gani. Ga yadda ake gwada shi. Ka haɗa shi da kaji biyu ko uku masu farin ƙwai ko masu ruwan ƙasa, ka ƙyanƙyashe, ka raini 'ya'ya mata aƙalla bakwai ko takwas har su fara ƙwai. In dukkansu suka yi shuɗi ko kore, kusan tabbas guda biyu gare shi, don zakara mai guda ɗaya ya haifi mata bakwai a jere duk masu shuɗi sau ɗaya ne cikin 128. In ko guda ɗaya ta yi fari ko ruwan ƙasa zalla, magana ta ƙare, ɗaya gare shi, kada ka gina garke a kansa. Gwajin yana cin wata shida zuwa bakwai, na sani da tsawo, amma 'yan matan gwajin ba asara bane, ƙwai zasu yi maka na ci da na sayarwa, kawai kada su koma ɗakin iri.

Masu Araucana da Ameraucana suna da ɗan taimako, ƙwayar gadon shuɗi tana maƙwabtaka da ta guntun zankon nan mai layi uku, yawanci tare ake gadonsu. A Legbar wannan alamar bata aiki tunda zankonta miƙaƙƙe ne.

In ka dage sai Araucana

Kaza ce mai kyau da ban sha'awa, amma ka shiga da saninka. Ƙwayar gadon gashin kunnen nan tana kisa: ɗan tsakon da ya gaji guda biyu, daga uwa da uba, yana mutuwa a cikin ƙwai dab da ƙyanƙyasa. Mai gashin kunne da mai gashin kunne in suka haɗu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan a nan yake tafiya, kai kuma kayi ta zargin inji. Abin da ake yi shine a haɗa mai gashin da marar gashin, wajen rabi su fito da shi rabi babu.

Rashin wutsiya kuma yana hana barbara kamawa, don gashin baya ya rufe wajen. Ka sa almakashi ka rage gashin da ke kewaye da duburar zakaran da na kajin, a hankali kada ka taɓa fata, kuma ka rage masa mata, biyar ko shida. 'Yan tsakinsu ma kashi yana yawan liƙe musu a baya, kullum ka duba ka goge da ruwan ɗumi.

Mataki na biyar, haɗa aure da tara ƙwai

Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma in Legbar ne. In kazar ta taɓa zama da wani zakara ka jira sati uku cur kafin ka fara tara ƙwanta na iri, saboda tana ajiye maniyyin na farkon a jikinta har tsawon wannan lokacin. Ƙwan farko-farko na budurwar kaza ƙanana ne, ka bari tayi wata ɗaya ko biyu tana yi tukun.

A kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, musamman da bazara, don zafin da ya wuce digiri 24 a ma'aunin Selsiyus yana sa ɗan tayin ya fara motsi sannan ya mutu. Kada a wanke, kada a sa a firij. A jera a kiret tsinin a ƙasa, a ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidan, gindin randa ya fi ko'ina, kuma kada ya wuce kwana bakwai, goma shine iyaka. Ka fito da su hasken rana ka ɗora kan farar takarda ka zaɓi waɗanda shuɗinsu ya fi tsabta, ka rubuta lambar uwar da kwanan wata da fensir. Mai tsaga, mai datti, mai gwaiduwa biyu, mai siffa a karkace, duk a kai kicin.

Mataki na shida, ƙyanƙyasa

Legbar bata cika kwanci ba, jinin Leghorn ne. A nan kazar Hausa take nuna kanta, ni ban ga uwa kamarta ba. In ka samu wadda ta kwanta da gaske kwana biyu uku bata tashi, kaje da dare ka zare nata ka sa mata naka takwas zuwa goma, ka ware ta don wasu kada su ƙara mata ƙwai, ka duba jikinta ko da ƙuma, ga ruwa ga tsaba a kusa. Babu ruwanta da launin ƙwai, kuma babu ruwanta da an ɗauke wuta.

In inji ne, kada ka fara sai kana da sola ko batir da zai riƙe shi dare da rana. Zafi digiri 37.5, laima kashi 45 zuwa 55 a kwana 18 na farko, juyawa aƙalla sau uku a rana in ba mai juya kansa bane. Ranar 18 a daina juyawa, a ɗaga laima zuwa 65 ko 70, a rufe kada a buɗe sai sun fito a kwana na 21. Da hunturu iska a bushe take ƙamas sai ka ƙara faranti na ruwa, da damina kuma sau da yawa ragewa ake. Ka sayi ma'aunin zafi na daban ka sa a ciki, kada ka yarda da lambar da injin ke nunawa ita kaɗai.

Haska ƙwai shuɗi don ganin ko da ɗan tayi a ciki ya fi na fari wuya tunda launin ya ratsa ɓawon. Ka sami tocila mai ƙarfi, ɗaki mai duhu sosai, kuma ka bari sai kwana na 10 kafin ka yanke hukuncin zubar da wani. Na sha ganin wanda aka ce fanko ne ashe da rai.

Mataki na bakwai, rainon tsaki

Ɗumi digiri 33 zuwa 35 a satin farko, ana rage kamar uku duk sati. In kaskon gawayi ne a bar kafar iska. Su kansu zasu faɗa maka, in sun cure waje ɗaya sanyi ne, in sun gudu bango suna haki zafi ne. Ruwa kafin abinci, a mazubi mara zurfi da 'yan tsakuwa a ciki.

Abincin tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20 har sati takwas, sai na masu tasowa, sai na leyas in sun kusa fara ƙwai wajen sati 18 zuwa 20. Kada ka ba ƙanana abincin leyas, sinadarin ƙashin da ke ciki yana lalata musu ƙoda. Babbar kaza tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, dusa zalla bata isa, kuma ba wani abinci da zai ƙara shuɗin ƙwai, zogale da ganye gwaiduwa suke ƙara wa launi.

Rigakafi kuwa kada kayi wasa, kazar da ta zo daga wani yanayi bata da juriyar ta gida. Ka zauna da likitan dabbobi na yankinku ya tsara maka, amma ta ciwon Gumboro a sati na biyu da maimaici, da Lasota ta ciwon fakat ana maimaitawa lokaci-lokaci, da ta ƙurajen kaji wajen sati shida zuwa takwas, waɗannan dole ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wata ta fakat mai suna I-2 da ke jure zafi, ta dace da mai kaji kaɗan. Rigakafin da ake sawa a ruwan sha a bada shi da sassafe, a ruwan da babu kilorin, su shanye cikin awa biyu. In kaga kashin jini, yawanci ciwon hanji ne da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke jawowa, a canza ta a nemi magani a ranar.

Mataki na takwas, riƙe irin shekara da shekaru

Tunda kajin basu da yawa a hannun mutane, auren 'yan'uwa shine ke cinye su a hankali, ƙyanƙyasa ta ragu, tsaki su riƙa fitowa da karkatattun yatsu, jiki ya ƙanƙance. In kana da hali ka raba gida uku, kowanne da kalar zoben roba a ƙafa, ja da fari da baƙi misali. 'Ya mace tana zama a gidan uwarta har abada, ɗa namiji kuma yana matsawa gida na gaba, na ja ya tafi fari, na fari ya tafi baƙi, na baƙi ya dawo ja. Da haka zaka yi shekaru baka nemi jini daga waje ba. In ba hali, ka nemi wani mai kiwon da ka yarda da shi ku riƙa musayar zakara, sabon kuma ya sha killacewa da gwajin nan na 'ya'ya mata kafin ya shiga.

Cikin zakaru goma ɗaya ko biyu kawai zaka bari, wanda ya fito daga ƙwai mafi shuɗi, mai lafiya, mai faɗin ƙirji, wanda alamarsa ta namiji ta fito sarai ranar haihuwa. Sauran sabo da kaza baya hana yanka, kuma kada ka sayar wa wani a matsayin na iri abin da kai ka ƙi.

In ka zo sayar da ƙwan ci ka faɗi gaskiya, abin da ke ciki ɗaya ne da na kowace kaza da ta ci irin abincin, baya maganin komai kuma kitsensa bai fi na sauran ƙanƙanta ba, kyan gani ne da ƙarancinsa ake saya. Sannan in kaza ta daɗe tana zuba ƙwai zaka ga shuɗin yana koɗewa, musamman da zafi, kada ka ɗauka irin ne ya lalace, in tayi zubar gashi ta huta ta dawo launin zai dawo da ƙarfinsa, ƙwan wannan lokacin ne ma ya kamata ka duba in zaka auna wace uwa ce tafi.